Jirgin Ruwa a Kan Titin Kumasi: Bayani Ga Direbobinmu da Masu Shanu

'Yan uwa fatake, dillalai da direbobi, a zamanmu na ƙarshe a Zongo Lane an tayar da wata magana wadda ta ci lokaci fiye da maganar kuɗin turke. Wani ɗan ƙungiya ne ya kawo ƙarar direbansa. Mota ta taso daga Paga da lodin shanu, ta wuce Kumasi lafiya, sai bayan Konongo ta tarar da wata tirela a gabanta ɗauke da jirgin ruwa, ƙato, wutsiyarsa ta fito waje tana lilo, mota kuwa tana tafiyar hawainiya. Direba ya bi ta har ya ƙosa, ya fita zai wuce daidai wata kwana, wutsiyar jirgi ta shigo masa hannu, ya taka birki da ƙarfi. Mota ba ta faɗi ba, ba a yi asarar rai ba, amma shanu sun haɗu wuri guda, biyu suka kwanta, bijimi ɗaya ya karye, aka yanka shi a bakin hanya aka sayar yadda aka samu. Dattawa sun sasanta tsakanin maigida da direba, wannan ya wuce. Abin da muka lura da shi a zaman shi ne, da yawa daga cikinmu ba su san abin da ya kawo jirgin ruwa kan titi ba, balle su san yadda irin wannan kaya yake tafiya. Domin haka muka ga ya kamata mu yi bayani.

Da farko dai, jiragen nan da masunta ke shiga teku da su a Jamestown da Chorkor da Tema da Elmina, ba a bakin teku ake haihuwarsu ba. Gindin kowannensu itace ɗaya ne tak, aka fafe cikinsa. Itacen kuwa shi ne wanda mutanen Asante ke kira wawa, a Nijeriya kuma obeche. Mu Hausawa sunan yakan ba mu dariya, amma fa itacen ba wawa ba ne ko kaɗan. Yana miƙewa sambal ba reshe har nisa, yana da sauƙin sassaƙa, kuma in ya bushe nauyinsa bai kai rabin nauyin ruwa ba. To matsalar ita ce wawa ba ya fitowa a bakin teku, sai a kurmi, wato wajajen Asante da Ahafo da yammacin ƙasa. Masassaƙa sukan shiga kurmi su kayar da itacen, su zauna a nan makonni suna fafewa, da gizago da gatari a da, yanzu har da zarton inji. In ya ɗauki siffar jirgi sai a jawo shi zuwa inda mota za ta iya shiga. Sauran aikin, wato ƙara katako a gefe don ya yi zurfi, da sa wuraren zama, da fenti da rubuce-rubucen nan da kuke gani, duka a bakin teku ake yi.

Kun ga ke nan kowane babban jirgin masunta a Gana, tafiyarsa ta fari a kan titi ya yi ta, ba a kan ruwa ba. Jiragen nan kuwa sun haura dubu goma a gaɓar tekun ƙasar, kuma kowanne yana tsufa a canza shi. Manyan itatuwan sun yi ƙaranci ƙwarai, sai an nitsa cikin kurmi ake samunsu, saboda haka tafiyar sai ƙara tsawo take yi. Hanyarsu daga kurmi zuwa teku kuma ita ce hanyarmu daga arewa zuwa kasuwar Turaku ta Ashaiman, wadda mutanen gari ke kira Tulaku. Fuska ɗaya muka nufa da su. Shi ya sa ba karo muke yi da su ba, a bayansu muke tsintar kanmu.

Wani zai ce ai waɗannan ba masu filafilai ba ne, inji gare su. Haka ne a yau. Amma kafin injin baya ya shigo, daga ƙarshen shekarun 1950, da matuƙi da ƙyallen iska ake tafiyar da su, har yanzu kuma akan ga ƙananan suna kafa gora su ɗaura ƙyalle in iska ta yi daɗi, don a rage shan mai. Jigon nasu gora ce kawai, a cire a ajiye, ba ta da wata wahala a kan mota. Wahalar jirgin masunta a kan titi ɗaya ce: tsawo.

Bari mu yi lissafi. Shimfiɗaɗɗen bayan tirela da aka saba gani, irin mai ɗaukar kwantena babba, tsawonsa kimanin mita 12 ne. Manyan jiragen masunta sukan kai mita 15, wasu har 18. Ashe ke nan mita uku zuwa shida na jirgin suna rataye a iska, bayan tayoyin ƙarshe, ba abin da ya tokare su. Nauyinsa ba wani abin tsoro ba ne, bai kama ƙafar lodin siminti ba. Amma wannan wutsiya da ta fito ita ce ke jawo abubuwa biyu, kuma su ne dalilin tafiyar hawainiyar da ke ba direbobinmu haushi.

Na farko, lilo sama da ƙasa. Ku ɗauki doguwar gora ku riƙe ta a tsakiya ku girgiza hannu kaɗan, za ku ga bakinta yana tsalle da yawa. Haka wutsiyar jirgi take yi duk lokacin da taya ta faɗa rami ko ta hau tudun rage gudu, irin waɗanda suka cika garuruwan kan hanya daga Ejisu har Nsawam. Itacen kuwa ɗanye ne, an fafe shi, bakinsa a buɗe. In ya yi tsalle da ƙarfi ya dawo, sai ya tsage daidai inda ya bar jikin mota. Jirgin da ya tsage a gindi kuwa, ko an ɗinke shi da ƙarfe an toshe, darajarsa ta faɗi tun bai taɓa ruwa ba, alhali mai shi wataƙila bashi ya ciwo, ko dangi suka haɗa masa kuɗin. To direban da ke ɗauke da wannan amana, in kun ga ya kusa tsayawa a kan kowane tudu, ba rainin wayo ba ne. Yadda kuke jin tsoron karayar bijimi haka yake jin tsoron tsagewar itace.

Na biyun shi ne wanda ya ci ɗan uwanmu, kuma shi muke so kowane direba da yaron mota su riƙe. In doguwar mota za ta sha kwana, tana juyawa ne a kan tayoyinta na baya. Duk abin da ke gaban tayoyin nan yana bin kwanar, duk abin da ke bayansu kuma yana fita ɗaya gefen. Wato in mota ta karya dama, wutsiya hagu take sharewa. Mu kuwa a Gana tun 1974 hannun dama muke tuƙi, ta hagu muke wuce mota. Kun ga ke nan, a kwanar da ta karya dama, wutsiyar jirgi tana shigowa ne daidai cikin hannun mai wucewa. Direba yana kallon kan motar yana ganin ta ba shi fili, bai san cewa bayan yana zuwa masa ba. A lodin siminti ko na doya wannan fita ba ta da yawa, domin kaya bai wuce jikin mota ba. A jirgi mai wutsiyar mita biyar, tana iya cinye fili mai yawa a hannun da ba nata ba, musamman a matsattsiyar kwana ko a shataletale.

Ko a miƙaƙƙen titi ma, wuce irin wannan mota ba ƙaramin aiki ba ne. A ce motarmu mita 18, tasu da wutsiya mita 22, a bar tazarar mita 20 kafin fita da 20 bayan shiga, jimla mita 80 ke nan da za mu cinye a kansu. In suna tafiyar kilomita 30 a awa, mu kuma da lodin shanu muna 50, za mu yi wajen daƙiƙa 14 a hannun da ba namu ba. A cikin wannan lokaci mun yi tafiyar mita 200, bas ɗin da ke tahowa a guje da 80 kuma ta ci mita 320. Ashe sai direba ya hango fili fiye da rabin kilomita, ba kwana ba tudu, kafin ya fita. Ku faɗa mana, tsakanin Konongo da Nkawkaw da Anyinam, a wuraren da titi yake falle ɗaya, sau nawa ake samun haka?

Mun san abin da direba zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Shanu a mota iskar gudu ce ke sanyaya su. In mota ta yi sanyin tafiya da rana tsaka, zafi yakan taru, dabba ta galabaita, wadda ta kwanta sauran su tattake ta in yaran da ke sama ba su yi maza sun tashe ta ba. Ga shi an riga an yi tafiya mai nisa, daga Paga zuwa Ankara wajen kilomita 800 ne, ban da abin da suka sha tun daga Burkina Faso ko Mali ko Nijar, ban da tsaye-tsayen shingaye. Ga maigida yana bugo waya yana tambaya ko za a cim ma kasuwa. Duk mun yarda. Amma a sake lissafi: in ka bi motar jirgi kilomita 20 a kan gudun 30, minti 40 ka yi. Da kai kaɗai ne a kan 50, minti 24 za ka yi. Abin da ka rasa minti 16 ne. Ba mu taɓa jin bijimin da minti 16 na tafiya a hankali ya kashe ba, amma birki ɗaya mun ga abin da ya yi. Mu masu shanu ma sai mu rage matsa wa direbobi ta waya, domin rabin gaggawar daga wurinmu take fitowa. Shawarar dattawan direbobi ita ce a bar tazara mai yawa a baya, a yi wa na gaba fitila ya san ana biye da shi, a jira shi ya samu wuri ya raɓe. Galibinsu suna raɓewa, su ma ba sa son jerin motoci a bayansu.

Da dare abin ya fi muni. Fitilun baya suna jikin tirela, wutsiya kuwa ta wuce su da mita biyar a cikin duhu. In mai kaya bai rataya fitila ko abin da ke ƙyalli a ƙarshenta ba, sai jan tsumma kawai wanda ƙura ta rufe, mai zuwa daga baya yana auna tazararsa da fitilun da yake gani, bai san akwai itace tsakaninsa da su ba. Mu da muka fi son tafiyar dare saboda sanyi, wannan ya shafe mu kai tsaye.

Akwai kuma wani irin jirgi da ba kasafai ake gani a titunanmu ba, amma wanda yake zirga-zirga wajen tashar Tema zai iya cin karo da shi, wato jirgin Turawa mai dogon jigo da filafilai. Shi wahalarsa ta fi ta namu. Domin kada iska ta kifar da shi, a ƙarƙashinsa akwai wani gindi mai kama da ƙaton takobi, na ƙarfe ko na dalma, wanda yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin duka, wani lokaci fiye. A ruwa wannan gindi shi ne lafiyarsa. A kan mota kuwa shi ne ke ɗaga jirgin sama, ya zama kamar tulu a kan tsinke. Sai an sa injin ɗaga kaya ya tuge jigon, a kwantar da shi a tsawon jirgin, a zubar da ruwan da ke cikin tankunansa, sa'an nan a zaunar da nauyin duka a kan gindin nan, a kafa masa matokarai a gefe masu taushin baki. Matokaran ba ɗaukarsa suke yi ba, hana shi karkata kawai suke yi. In aka bar nauyi ya hau kansu sai su lotsa jikin jirgin. Faɗinsa ma ya wuce ƙa'ida. Babbar mota faɗinta wajen mita biyu da rabi ne, jirgi mai tsawon mita 12 kuwa cikinsa yakan kusa mita huɗu. Shi ya sa ake ɗaukarsa a kan tirela mai gajeriyar ƙafa, da takardar izini, da motar rakiya, bayan an bi hanyar an auna kowace gada ta sama da wayoyin lantarki. A Amurka, inda ake yawan wannan jigila daga wannan teku zuwa wancan, kayan da ya wuce faɗin ƙafa takwas da rabi sai an nema masa izini a kowace jiha da zai ratsa. In kun ga motar rakiya da fitila tana ba ku hannu ku raɓe, to abin da ke bayanta ya shigo hannunku ne da gaske.

Manyan jiragen ƙarfe da ke kan tafkin Volta su ma ba ta ruwa suka zo daga teku ba. An gina madatsar Akosombo daga 1961 zuwa 1965, aka ƙara ta Kpong a ƙasanta a 1982, kuma babu ƙofar da jirgi zai bi ya hau daga kogi zuwa tafki. Duk wani jirgi da ke can, ko dai a bakin tafkin aka haɗa shi, ko an hau da shi ta ƙasa. Tafkin nan mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,500 ya taɓa sana'armu fiye da yadda yaran yanzu suka sani. Tsohuwar hanyar arewa, wadda kakanninmu fataken goro da masu koro shanu suka bi, ta Salaga take zuwa ta ƙetare kogi a Yeji ta nufi Kumasi. Da ruwa ya cika, mashigin Yeji ya zama tafiya mai nisa a jirgin fito zuwa Makango, manyan motoci suka koma bin Tamale da Yapei da Buipe da Kintampo. A 1970 aka kafa kamfanin sufurin tafkin Volta, mai jigila tsakanin Akosombo da tashoshin arewa. A 2024 kuma aka ƙaddamar da layin dogo daga Tema zuwa Mpakadan a bakin tafkin.

Dabarar rarraba jirgi gunduwa-gunduwa a ɗauke shi ta tudu tsohuwa ce, kuma ta taɓa ƙasashenmu. A 1897 wani Bafaranshe mai suna Émile Gentil ya isa tafkin Chadi da jirgin ƙarfe mai suna Léon Blot, wanda aka kwance aka ɗora wa 'yan dako a ka daga yankin kogin Ubangi har zuwa ruwan da ke gangarawa kogin Shari. Shekara uku bayan haka, a 1900, aka kashe Rabe a Kusuri. A can Kudancin Amurka ma, an ƙera wani jirgi mai suna Yavari a Ingila a 1862, aka rarraba shi gunduwa-gunduwa, alfadarai suka hau da shi duwatsu zuwa tafkin Titicaca, bai shiga ruwa ba sai 1870. Jirgin ƙarfe ana iya kwance shi a sake ɗaurewa. Na masuntanmu kuwa itace ɗaya ne, ba ya rabuwa, dole a ɗauke shi yadda yake.

Sai magana ta ƙarshe, ga 'yan ƙungiya masu motocin kansu. Mota in ta sauke shanu ba a son ta koma wayam, kuma wani lokaci akan zo wa mutum da tayin ɗaukar jirgi, ko daga kurmi zuwa bakin teku, ko zuwa garuruwan bakin tafki irin su Yeji, kuɗin kuma yakan yi daɗin ji. Ra'ayinmu dai, motar shanu mai bodi da ƙarafa a gefe da sama ba ta wannan aiki ba ce. Wanda ya ɗora jirgi a saman bodi ya kai nauyi sama, kwana ɗaya ta ishe shi. Wanda yake da shimfiɗaɗɗiyar tirela kuma yana son ya karɓa, to ya fara ganin takardun hukumar gandun daji da idonsa, domin in itacen ba shi da takarda, a shinge mota ake kamawa tare da kaya, mai jirgi yana gida. Ya tambayi hukumar manyan hanyoyi game da izinin kayan da ya wuce tsawo kafin ya yi lodi, kada ya bari sai an tsayar da shi a wurin sikeli. A shimfiɗa katako da tsofaffin tayoyi a ƙarƙashin jirgin a wurare da yawa, har bakin ƙarshen tirela, a sa wani abu mai taushi tsakanin sarƙa da itace don kada ta ci shi, a tsaya bayan tafiya kaɗan a sake ɗaure sarƙa domin takan saki. A rataya fitila a ƙarshen wutsiya ko da ba a yi niyyar tafiyar dare ba, tunda ba wanda ya san inda taya za ta fashe.

Kafin mota ta tashi kuma, a zagaya jirgin tare da mai shi a gaban shaidu biyu, a nuna kowace tsaga da ke jikinsa tun daga kurmi, a ɗauki hoto da waya, a rubuta wanda zai ɗauki asara in sabuwa ta fito a hanya. Ɗanyen wawa yana iya tsagewa da zafin rana kaɗai, ba tare da laifin direba ba, kuma in an isa bakin teku ba mai iya bambance wannan da tsagar rami. Duk wanda aka yi wa irin wannan tayi yana iya zuwa ofishin ƙungiya ranar zama, sakatare zai taimaka masa da rubuta yarjejeniyar.